Yadda aka kama bugun zuciyata a Garwa, aka karanta shi a Yawunde

Ni tela ce a unguwar Yelwa, nan cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Na fi shekara ina fama da faɗuwar gaba kafin a gano asalinta, kuma tun da aka gano, kusan duk matar da ta kawo ɗinki ta ga agogon da ke hannuna sai ta tambaya. Wata ta ce ita ma haka take ji, wata ta ce uwarta ce, wata mijinta. Tsakanin awo da yanka ba na iya ba su labarin sai rabi-rabi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daga tushe, yadda na bi shi.

Abin ba ya sallama. Ina zaune lafiya lau sai in ji zuciyata ta ɗebi gudu, kuma ba gudun ne ya fi tsorata ni ba, rashin tsarinsa ne. Bugu biyu a manne, sai shiru, sai uku a jere, kamar keken da ke tsallaken ɗinki, allura na sauka amma zare ba ya kamawa. Numfashi ya koma sama-sama, jiri ya ɗebe ni, gumi mai sanyi ya keto. Wani lokaci rabin awa, wani lokaci tun daga la'asar har bayan isha'i. Sai kuma ya tafi don kansa, ya bar ni da kasala.

A gida kowa ya kawo nasa. Inna ta ce tunani ne ya yi mini yawa. Facalata ta ce jini ne ya yi ƙasa, ta dinga aiko mini da zoɓo da dabino. Malam, maigidana, ya yi mini rubutu na sha, ya kuma ce a tafi asibiti. Mun je. An auna maleriya, an auna taifot, an auna yawan jini, ba a sami abin kamawa ba. Aka kwantar da ni aka liƙa mini wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, aka yi awon lantarkin zuciya da suke kira ECG. Takarda ta fito da layukanta a jere tsaf. To dama me za ta nuna? Awon nan daƙiƙa 10 yake ɗauka, zuciya kuwa tana bugawa kimanin sau 100,000 tsakanin yini da dare. In ba a dace ciwon ya taso a cikin 'yan daƙiƙun nan ba, takardar mai lafiya za a miƙo wa mutum, ya koma gida a ce masa ya rage damuwa.

Wanda ya ɗauki maganata da nauyinta ba likitan zuciya ba ne, likita ne mai duba kowane ciwo a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Ya sa na kwanta a ɓarin hagu, ya ɗora abin sauraronsa, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya ɗago ya ce, "Hajja, akwai wata 'yar ƙara da nake ji wadda ba ta kwanta mini ba. Shi kuma gudun nan da kike faɗa, tunda ya ƙi zuwa a gabanmu, mu za mu bi shi gida. Zan sa a ɗaura miki na'ura ki yini ki kwana da ita."

Holter ake ce wa na'urar. Guda ɗaya ce a asibitin, don haka sai da na jira layi ya zo kaina. Malamar jinyar da ta rubuta sunana a karne, wato littafin asibiti, ta yi mini bayani da Fillanci tana haɗawa da Hausa: in zo da wankana, domin awa 24 babu wanka; kada in shafa mai ko basilin ko hoda a ƙirji; in sa riga mai yalwa; in zaɓi ranar da na san ba zan buƙaci wankan tsarki ba. Wannan na ƙarshen ita ta fara faɗa ba ni na tambaya ba, kuma na gode mata, domin da yawanmu kunya za ta hana mu tambaya. Ta ƙara da cewa kada in rufe shago ranar. Yadda na saba yini, haka suke so in yini.

Layin ya zo kaina a watan Afrilu. Duk wanda ya san Garwa ya san abin da na faɗa ke nan: zafi ya haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga Binuwai ma ɗumi gare ta.

Ita ce ta ɗaura mini, mu biyu a ɗaki, labule a sake. Ta goge wuri biyar a ƙirjina da auduga da alkol, sannan ta murza kowane wuri da busasshen bandeji har fatar ta yi ja, wai don a cire maiƙo da mataccen fata, lantarki ya sami hanya. Ta ɓare wasu faifai masu danƙo, kowanne da maɓalli a tsakiya da ɗan ruwa mai sanyi a ƙarƙashi, ta manna. Ta maƙala wayoyi masu launi daban-daban, kowace ta ɗan lanƙwasa ta kafin ta danne da filasta, yadda ko an fizgi wayar ba faifan ne zai fara tashi ba. Akwatin kansa bai cika tafin hannuna ba. Ta sa masa sabon batir, ta juyo mini da ɗan gilashinsa na ga layi yana tsalle yana sauka. Nawa ne, a lokacin, ina kallo. Ta sa shi a 'yar jaka ta rataya mini a wuya ta cikin riga.

Sai ta ɗauko takarda mai gida uku: lokaci, abin da nake yi, abin da na ji. Ta karɓi wayata ta daidaita agogonta da na akwatin. "Hajja, nan ne aikinki yake. In kin ji wani abu ki danna wannan maɓallin, ki rubuta. Amma kada ki rubuta mini bayan la'asar. Kwamfuta ba ta san la'asar ba. Ki duba waya, in 16:20 ce ki rubuta 16:20." Ni da ajami na fi sauri, don haka da shi na dinga rubutawa a wata takarda, babbar 'yata ta kwafe da Faransanci da dare.

Alwala ba ta zama matsala ba, tunda ba ta kai ƙirji. Sujada ce akwatin ke lilo yana jan wayoyi, sai na ɗaure shi a ƙugu da ɗankwali, ya zauna. Na hau keke na yi ɗinki daga 9:40 zuwa 12:15, na rubuta. Na tafi kasuwa sayen zare da ƙafa, na rubuta. Na sha shayi, na rubuta. Wajen azahar gumi ya ɗaga faifai ɗaya na ƙasa. An ba ni na canji, sai 'yata ta tsane wurin ta manna sabo daidai inda na farko ya bar shaida, muka rubuta lokacin. Ƙaiƙayin filasta a cikin wannan zafi ba ƙarami ba ne, kuma ba damar sosawa. Da yamma na jiƙa tsumma na goge wuya da hannuwa da ƙafafu. Autana ya ga waya ta leƙo ta wuyan riga ya ce sai ya ja, sai da yayarsa ta goya shi ta fita da shi.

Da dare a tsakar gida muka kwana cikin gidan sauro, ni rigingine. 'Yata ta binciko a waya ta karanta mini cewa sunan na'urar sunan mutum ne, Norman Holter, wani masani daga garin Helena a jihar Montana ta Amurka, kuma wadda ya fara haɗawa a ƙarshen shekarun 1940 goya ta ake yi a baya, nauyinta kilo 38. Sai a shekarun 1960 aka ƙanƙance ta har asibitoci suka fara amfani da ita.

Gari ya waye, gudun bai zo ba. Abin da na ji kawai 'yan tsallake-tsallake ne dab da magariba, na danna maɓalli, na rubuta 18:25. Na koma asibiti raina a jagule, ga kuɗi an kashe, ga dare ba barci. Likita ya ce in kwantar da hankali, awa 24 na bugun zuciya ba ya rasa abin faɗa.

A gabana ya zare ɗan katin da ke cikin akwatin ya sa a kwamfuta. Ita kwamfutar ta tantance bugun, ta ware masu kama da juna gefe, ta ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka fita daban. Amma ba ita ke yanke hukunci ba. Ya haɗa fayil ɗin da hoton takardata ya tura ta intanet ga wani likitan zuciya a Yawunde da suke aiki tare. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar turawa, sai da aka tayar da janareta. Kuɗin karatun ta waya Malam ya tura.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya lissafa abin da wannan turawar ta ɗauke mana. Da ni ce zan je, mota zan shiga zuwa Ngawundare, a hau dutsen nan mai kwane-kwane, sannan in kwana a jirgin ƙasa tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yawunde. Ba ni kaɗai ba, da mai rakiya. Ga masauki, ga abinci, ga shago a kulle, ga yara a hannun mutane. Yanzu akwai likitocin zuciya a manyan asibitocin Garwa, alhamdulillahi, amma ba su da yawa, kuma ba mu kaɗai ke layinsu ba. Wannan ƙarancin ne ya sa wani injiniya ɗan ƙasar nan, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, allon kwamfuta da malamin jinya a ƙauye zai auna ECG da shi ya tura wa ƙwararre ta layin waya. Lokacin da ya yi aikin, likitocin zuciya a duk Kamaru ba su kai 50 ba, akasarinsu a Yawunde da Duwala. Ya ci kyautar Rolex a 2014, ya kuma ci kyautar injiniyoyin Afirka da wata cibiya ta Ingila ke bayarwa a 2016. Ba da na'urarsa aka auna ni ba, amma dabarar ɗaya ce: mara lafiya ya zauna a garinsu, awon ya yi tafiyar.

Amsa ta dawo cikin makon. Likita ya karanta yana fassara mini. Da dare bugun ya sauka daidai yadda ake so, a hanyar kasuwa ya hau daidai yadda ake so. Da safe akwai wajen awa biyu da rabi da layin ya yi ta hargitsewa, har kwamfuta ta ja masa layi, amma da ƙwararren ya duba takardata ya ga keke nake takawa, sai ya gane motsin jiki ne ba zuciya ba. Da ban rubuta ba, da an ɗora wa zuciyata laifin keke. A 18:25 kuwa, inda na danna, ya ga bugu na ƙari suna fitowa a jere daga ɗakin sama na zuciya, gajeru, ba su daɗe ba. Ya ce a yi mini eko, wato hoton zuciya. Ya kuma ce a tambaye ni: ina yarinya na yi fama da ciwon maƙogwaro? Gaɓoɓina sun taɓa kumbura?

Inna ce ta amsa wannan, don ta fi ni tunawa. Ta ce duk sanyi sai maƙogwarona ya rufe, har aka kira wanzami ya cire mini belu. Wata shekara kuma gwiwa ta kumbura da zazzaɓi, ta sace, idon sawu ya ɗauka, ya sace, gwiwar hannu ta ɗauka. Sanyi aka ce, aka yi ta gashi. Likita ya yi mata bayani cikin ladabi, "Inna, ba laifin kowa ba ne, haka aka sani a lokacin." Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara. In ba a kashe ta da fenisilin ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yaran sai ta ruɗe, ta auka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gaɓoɓi su warke, ƙofar zuciya kuwa ta yi tabo, tabon ya yi ta tsukewa shekara da shekaru ba a sani ba. Sau da yawa sai mace ta girma, ko ta ɗauki ciki, yake bayyana.

Eko ya tabbatar. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. Ƙofar da ke tsakanin na sama da na ƙasa a hagu, faɗinta a mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Tawa ta tsuke, ko da yake ba ta sauka zuwa 1.5 ba tukuna, inda ake fara maganar buɗe ta. Ɗakin da ke bayanta ya buɗe saboda yawan turawa. Irin wannan ɗakin, in ji ƙwararren, shi ne ke daina matsawa da ƙarfi sau ɗaya ya koma karkarwa, kuma abin da yake zargi ke nan nake ji. Haɗarin ba gudun ba ne kaɗai. In ɗakin na karkarwa jini na kwanciya a ciki, ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Wannan karkarwar tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kamar sau biyar, a mai tsukakkiyar ƙofa kuma fiye da haka. Akwai maganin tsinka jini, amma shi ma da nasa haɗarin na zubar jini, kuma in an fara ba ranar dainawa. Ya ce ba zai ɗora ni a kai da zato ba. Yana so ya ga karkarwar a rubuce.

Ana iya sake ɗaura Holter na kwana biyu ko uku, amma ciwon da kan yi makonni bai leƙo ba, sai a yi ta biya ana kuskure shi. Sai ya kawo shawarar agogo.

A nan mutane ke asarar kuɗinsu, don haka zan tsaya a kai. Maƙwabciyata da ta ji ana maganar agogo ta kawo mini nata na kasuwa, mai arha, mai hoton zuciya yana ƙyaftawa. 'Yata ta ɗaura shi a naɗin atamfa, ya ɗan yi tunani ya rubuta 78. Ko agogon na gaske ne, aiki iri biyu ne a ciki kuma ba ɗaya ba ne. Na farko koren hasken nan da ke bayansa. Jini yana shanye koren haske, to duk bugu ɗaya jini na ƙaruwa a fatar hannu, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka agogon ke ƙirga. Ƙirga kawai yake yi, in ya yi ƙoƙari ya ce bugun ba daidai yake ba. Na biyu shi ne mai ɗaukar lantarkin zuciyar kanta: ƙarfe ɗaya a bayan agogo yana taɓa hannu, ɗaya a maɓallin gefe, in aka ɗora yatsan ɗaya hannun sai da'ira ta rufe ta cikin ƙirji, ya zana layi irin na ECG na daƙiƙa 30. Shi likita ke iya karantawa. Apple ya sa wannan a agogonsa tun 2018, Samsung da wasu ma suna da shi. Sai dai ba kowane samfuri ba, kuma ba a kowace ƙasa sashen ke buɗewa ba, wani kuma sai da irin wayarsa yake aiki. Ƙanena da ke aiki a Duwala ya samo mini na hannu, kuma bai biya ba sai da ya auna kansa a gaban mai shagon ya ga layin ya fito a waya. Duk mai saye ya yi haka.

Malamar jinyar nan ce ta koya mini. A ɗaura shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama amma kada ya matse. Awarwaro su koma ɗaya hannun. In za a yi lalle a bar wurin da yake zama fari. In za a auna a zauna, a ɗora hannu biyu a tebur ko a cinya, ba magana, ba motsi. In fata ta bushe, kamar lokacin hunturu, a ɗan jiƙa ta. Ta sa na auna a gabanta ina lafiya, aka tura Yawunde don ya san yadda layina yake in babu komai. Caji kuwa kusan kullum yake so, ga kuran ɗinmu yadda yake, sai Malam ya sayo ƙaramin faifan sola. Lokacin wanka da girki nake sa shi a caji, don kada dare ya same ni babu shi.

Likita ya ja mini kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, kada in mai da shi abin kallo, domin mai yawan duba bugunsa tsoro ne zai ƙara masa gudu. Sau ɗaya da safe, sai kuma in na ji abin. Na biyu ya fi nauyi: "Hajja, agogon nan ba ya gane toshewar jijiyar zuciya. In kin ji ƙirji ya danne, ko kin suma, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada ki tsaya aune-aune, kada ki jira amsata a waya. A ɗauko ki a kawo ki ko ƙarfe nawa ne."

Sai da damina ta yi nisa ya zo. Bayan isha'i ne, ina guga, ruwa na sauka a kan kwano. Na ajiye dutsen guga na zauna a bakin gado, na ɗora yatsa. Hannuna na rawa, agogon ya ce bai iya karantawa ba. 'Yata ta jawo ƙaramin tebur, ta dafa gwiwar hannuna. "Mama, ki saki kafaɗa. Ki bi numfashina." Na sake ɗorawa. Daƙiƙa 30 suna da tsawo in zuciya na wannan hali. Lamba ta fito 142, layin kuma ko ni da ban yi karatun likita ba na ga tazararsa ba ɗaya ba ce. Ta mai da shi takarda a waya, ta tura wa likita ta WhatsApp, ta rubuta lokacin da ya fara da abin da nake yi. Wajen tsakar dare ya lafa, muka sake aunawa muka tura, don a san tsawon da ya ɗauka. Da asuba saƙo ya shigo: mu zo da safe, ni da Malam.

Ya jera hotuna biyu a kwamfuta, na ranar lafiya da na daren jiya. A na farko kafin kowane dogon tsini akwai ɗan tudu ƙarami, shi ne alamar ɗakin sama ya matsa. A na biyu tudun babu shi, sai layi mai ɓari, tsinayen kuma wani kusa wani nesa. Ƙwararren ya riga ya gani ya rubuto amsa. Inna ta matso ta duba da idonta, ta ce, "Ashe dai ba tunani ba ne." Gani ya kori ji. Na yi kuka a wurin, kuma rabinsa na sauƙi ne, domin shekara guda ina faɗar abin da ba wanda ya gani.

An ɗora ni a kan magani uku. Ɗaya na rage gudun zuciya. Ɗaya allurar fenisilin mai kauri duk bayan mako huɗu, don kada ƙwayar nan ta sake dawowa ta ƙara ɓata ƙofar. Na uku Sintrom, na tsinka jini, kuma shi ne mai dokoki. Ana ɗibar jini a auna abin da suke kira INR, a so shi tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka jini na iya daskarewa, sama da haka yana iya zuba. Da farko awon a kai a kai ne, da ya daidaita ya koma wata-wata. Ƙanena ya tambaya ko babu sababbin magungunan da ba sa buƙatar awo. Akwai, amma wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa ga masu irin tabon ƙofata tsohon maganin ya fi tsare rai.

Ganye yana rage ƙarfin Sintrom, mu kuwa miyarmu ke nan: kuka, zogale, yakuwa, lalo, tafasa. Ba a hana ni ba. An ce dai in riƙe ma'auni ɗaya, kada in yi mako ban ci ba sannan in wayi gari da kwanon kwaɗon zogale. Abin da aka hana shi ne ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, asfirin da danginsa, da duk wani jiƙo ko saiwa ban faɗa wa likita ba, da ƙaho. A shago yanzu ba na ɗinkin hannu sai da abin kare yatsa, domin tsirar allura kan daɗe tana zuba. Maganar haihuwa kuma a gaban Malam aka yi ta, ba ɓoye-ɓoye: maganin na iya cutar da ɗan tayi, ciki kuma nauyi ne a kan tsukakkiyar ƙofa, don haka ba a ɗauka sai an shirya da likita. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Likita, lafiyarta ce gaba." Ba kowace mace ke samun wannan amsar ba, shi ya sa nake ganin daidai ne a kira miji ya ji da kunnensa.

Har yanzu agogon na hannuna, amma aikinsa ya sauya. Duk ƙarshen wata 'yata na tura lambobin safiya, da su aka rage mini maganin gudun da ya fara saukar da bugun ƙasa da 60 yana sa ni jiri. Takardun da yake fitarwa suna ɗauke da sunana da ranar haihuwata, don haka likita kaɗai ake tura wa, ba zauren dangi ba.

Masu tambayata ko su sayi irinsa, tambaya ɗaya nake mai da musu: wa zai karanta? In babu likitan da ya yarda a turo masa, kuɗin ya fi amfani a awon asibiti. Kafin nan ma akwai abin da ba ya cin ko dala. A zauna a huta, a ɗora yatsa biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, a ƙirga minti ɗaya cur. Babba mai hutawa tsakanin 60 da 100 yake. A kuma saurari tazarar, ko tana tafiya daidai ko tana tsalle. In abin ya taso a yi haka, a rubuta rana da lokaci da lambar da tsawon da ya ɗauka, a kai wa likita takardar. Yarana kuwa, duk wanda maƙogwaronsa ya yi ciwo da zazzaɓi asibiti nake kai shi a ranar, kuma an yi wa manyan biyu eko, ƙofofinsu lafiya.

Eko na gaba bayan babbar salla ne. Idan ƙofar ta sauka ƙasa da 1.5, ƙwararren ya ce za a duba ko a buɗe ta da balan-balan ta jijiyar cinya, ko a yi tiyata, ya danganta da yadda tabon ya yi tauri. Wannan kam ba a tura shi ta waya, dole in je da ƙafata. Cibiyar zuciya ta Shisong da ke Kumbo, wadda aka buɗe a 2009, ita ce aka fi sani da irin wannan aiki a ƙasar nan, amma rikicin yankin Arewa maso Yamma ya sa hanyarta ta yi wuya, don haka ya ce in lokacin ya yi shi zai faɗa mana inda za mu nufa. Ni da matan layinmu mun buɗe adashi tun watan jiya, kuma sun yarda kwasata ta zo daidai da lokacin awon.